Taragon shanu a tafin hannu

Waɗanda suka bugo waya suna cigiyata saboda ba su ga rubutuna a watan jiya ba, na gode ƙwarai, lafiyata ƙalau. Wani aiki ne ya riƙe ni, kuma na san idan na faɗi irin aikin, wasu za su ce tsufa ya fara taɓa mutumin nan. Tarago na haɗa, na jirgin ƙasa, irin na ɗaukar shanu. Tsawonsa santimita 14, a tafin hannu ake ɗora shi. Mako bakwai ya ci mana, ni da autana.

Masu bin wannan fili sun san sana'ata. Kayan gida na gwanjo nake kawowa daga Amurka ina saukewa a nan Kwatano: tukwane, fitilu, kekunan yara, injinan markaɗe, akwatunan kayan aiki. Wani ɗan'uwanmu ne a can yake zagaya wuraren gwanjo yana tara min har kwantena ta cika. Su Amurkawa, idan tsoho ya mutu, 'ya'yansa sukan ɗebi abin da suke so, sauran kuma a buɗe gidan kwana biyu ko uku a sa wa komai kuɗi, tun daga gado har cokali. Abin da ya yi kwantai, a ranar ƙarshe sai a tattara a babban kwali a sayar a dunƙule. Irin wannan kwali ne ya faɗo cikin kayana.

Da muka farke shi a sito, sai ga ƙananan kwalaye 27 a jere, kowanne bai kai kwalin takalmin jariri ba. A ciki akwai wasu siraran falle-falle masu launin toka an naɗe su a takarda mai laushi, da 'yan guntayen waya, da ƙananan ledoji cike da abubuwa kamar tsakuwar shinkafa. Yaron shagona ya leƙa ya ce, "Maigida, kayan wasan yara ne, amma duk sun kakkarye." Na ce ya juye su a buhun shara. Allah ya sa a daidai lokacin Auta ya shigo da kwanon abincina daga gida. Shekararsa 16, yana sakandare, suna ɗan taɓa Ingilishi. Ya zaro takardar da ke cikin kwali ɗaya ya duba, ya ce, "Baba, ba karyewa suka yi ba. Ba a haɗa su ba ne tukuna."

A ƙasan babban kwalin akwai tsofaffin mujallu da ɗan akwatin kayan aiki. Daga mujallun nan, da takardun da ke cikin kowane kwali, da bidiyoyin da Auta ya riƙa nemo mana a YouTube, na fahimci abin da zan ba ku labari yau.

Ashe a Amurka da Turai akwai manyan mutane, likitoci, malaman makaranta, tsofaffin ma'aikatan reluwe, waɗanda abin ɗebe kewarsu shi ne gina ƙaramin layin dogo a ɗakin ƙarƙashin gida, da tashoshi da gadoji da jiragen da ke tafiya da lantarki. Abin ya daɗe. Mujallar da na tarar, Model Railroader, tun 1934 ake buga ta. Ƙungiyarsu ta ƙasa, wadda ake taƙaita sunanta NMRA, a 1935 aka kafa ta don a daidaita ma'auni, yadda taragon da wani ya haɗa a gabas zai hau layin wani a yamma ba gardama. Ma'aunin da aka fi bi shi ne wanda suke kira HO, wato a rage komai sau 87. Faɗin layin dogon Amurka milimita 1,435 ne, a nan sai ya koma 16.5. Tarago mai tsawon ƙafa 40 ya koma santimita 14. Ƙato irina ya koma santimita 2.

Yawancin ƙananan taragan da ke shagunansu na roba ne, an gama haɗa su a masana'anta, galibi a Chaina. Ka buɗe kwali ka ɗora a layi, shi ke nan. Amma mazubin ƙarfen da ake buga irin waɗannan da shi tsada gare shi sosai, kamfani ba zai sassaƙa shi ba sai ya tabbata zai sayar da dubbai. To, mai son wani tarago na musamman fa, wanda kamfanin jirgi ɗaya tak ya taɓa amfani da irinsa shekara ɗari da suka wuce? Masu nemansa 'yan tsiraru ne, babban kamfani ba zai ko kalle su ba. A nan ne ƙananan 'yan kasuwa suka ga ƙofa, kamar yadda mu ma muke cin abinci a lungunan da manyan diloli suka raina.

Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwanen alminiyam ya riga ya san rabin aikin. Gwani zai zauna da tsofaffin hotuna da zanen ainihin taragon, ya sassaƙa samfuri ɗaya da hannu, har kawunan ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya yake manna su. Sai a kwarara wa samfurin wata roba mai ruwa-ruwa, ta daskare ta zama mazubi mai laushi. Cikin wannan mazubi ake zuba abin da suke kira rezin. Ruwa ne iri biyu, kowanne a kwalbarsa ba ya komai, da an gauraya su sai su yi ɗumi su sandare cikin 'yan mintoci, kamar dai gam ɗin nan mai bututu biyu da makanikai ke like tankin mota da shi. Rezin yana kwafe komai, har zanen jijiyar katako. Sai dai mazubin roba ba ya jure wahala, bayan zubi 'yan gommai ya fara yagewa, dole a sake wani. Shi ya sa kayan ba su da yawa kuma ba su da araha, sabo ma yakan kai dala 40 ko fiye. Masu wannan sana'a ƙanana ne, wasu miji da mata ne kawai a bayan gida. Sunayen da suka shahara sun haɗa da Westerfield, wanda ya yi suna a jihar Tenesi, da Funaro & Camerlengo a Fensilbaniya, da Sunshine Models a Mizuri, wanda ta gidan waya ake aika masa oda, kuma yanzu ya daina aiki.

Ni fa a lokacin ba haɗawa ce a raina ba, lissafin nawa za su ba ni nake yi. Ina cikin haka Auta ya miƙo min wani hoto. "Baba, wannan na mene ne, duk jikinsa a tsattsage kamar kejin kaji?" Tun kafin ya karanta na ce masa, "Na shanu ne." Ya ce ya aka yi na sani. Sai na yi shiru, don amsar doguwa ce.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mutumin Nguru ne, kuma a ƙuruciyarsa rakiyar shanu yake yi wa wani falke. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930, daga nan shanun da a da ake kora su a ƙasa wata da watanni suka fara hawa jirgi. A loda su a Nguru, a biyo ta Kano, Zariya, Kaduna, Minna, a haye Kwara a Jebba, a wuce Ilori da Badun, a sauke a Ikko. Daga Kano zuwa Ikko kaɗai ya haura kilomita 1,100. Shi kuwa a cikin taragon yake tafiya, tsakanin ƙahoni, da sandarsa da gorar ruwa. Aikinsa kada ya bar saniya ta kwanta, don in ta kwanta 'yan'uwanta za su tattake ta, asarar kuma a wuyansa. Akwai wani tabo a haƙarƙarinsa da ƙahon sa ya bar masa, muna yara mukan sa yatsa a wurin yana dariya.

A nan Kwatano aka haifi Auta. Faransanci da Fon sun fi Hausa zama a bakinsa. Bai taɓa ganin kakansa ba, kuma a ranar na gane ban taɓa ba shi wannan labari ba. Shekara 16 muna gida ɗaya, maganata da shi ba ta wuce "kawo", "kai", "ka yi sallah?", "ina sakamakon jarrabawa?" Na ce masa ya ware wannan kwali ɗaya, mu tafi da shi gida.

Takardar cikin kwalin rabinta tarihi ne. A Amurka ma jirgin ƙasa ne ya yi shekaru yana kwaso shanu daga makiyayan yamma zuwa manyan kasuwanni, babbarsu kuwa ita ce kara ta Shikago, wadda aka buɗe a 1865 aka rufe a 1971, bayan manyan motoci sun ƙwace lodin. Ana barin tsaga tsakanin katakan jikin taragon don iska, a shimfiɗa yashi ko ciyawa a ƙasa don kada dabba ta zame. Na tumaki hawa biyu ake yi masa. Suna da wata doka tun 1873, aka sabunta ta a 1906, wadda ta hana a bar dabba a tarago fiye da awa 28 a jere. Dole a sauke ta, a ba ta ruwa da abinci, ta huta aƙalla awa 5, sai dai in mai dabbobin ya rubuta takarda ya nemi a ƙara zuwa awa 36. Masu rakiya kuma a taragon ƙarshe na ma'aikata suke zama, wani lokaci har da wurin kwanciya. Da Auta ya fassara min wannan wuri na ce, "Kai, da kakanka ya ji wannan, da ya ce su waɗannan ai yawon shan iska suke zuwa."

Muka share teburin cin abinci, Hajiya tana harararmu. Duk dare bayan isha'i mukan yi awa ɗaya, wani lokaci biyu in wuta ba ta ɗauke ba.

Aikin farko wanki ne. Ana shafa wa mazubi wani mai don kada rezin ya kama, kuma in ba a wanke man nan ba, gam ba zai riƙe ba, fenti ma zai ɓare. Ruwan ɗumi, sabulun wanke-wanke, tsohon buroshin haƙori, a cikin roba mai faɗi. Kada ka kuskura ka wanke a bakin rariya, abin da ya faɗa ya tafi ke nan.

Na biyu shi ne cire tumbin zubi. Taragon a falle shida ya zo: gefe biyu, goshi da ƙeya, rufi, da daɓe. Kowane falle yana da wata siririyar fata a bayansa, ragowar rezin da ya malala, kuma a taragon shanu fatar nan ta toshe duk tsagogin. Dabarar ita ce a manna sanfefa a kan gilashi mai santsi, a jiƙa ta da ruwa, a riƙa goga bayan fallen a hankali ana zagayawa, har fatar ta yi siriri kamar ɓawon albasa ta faɗi da kanta. Ruwan yana hana ƙura tashi, don ƙurar rezin ba ta da kyau a huhu. Dare huɗu muka yi a kan wannan kaɗai.

Gefe ɗaya ya zo a lanƙwashe kamar ɓawon kankana, ba mamaki, ya sha zafin kwantena a teku da kuma na sitona. Ni da gaggawata na kama shi zan miƙar da ƙarfi. Sai ji na yi ƙas, katako biyu sun tsinke. Auta bai ce komai ba, ya nuna min layin da ke takardar. Ashe ruwan zafi ake tsoma shi, ba tafasasshe ba, ya yi laushi, a kwantar da shi a gilashi a danne da littafi har ya huce. Da muka yi haka ya miƙe sumul. Waɗanda na karya kuma muka ɗinke su da gam, in ba an nuna maka ba ba za ka gani ba.

Maganar gam, irin wanda ake haɗa kayan roba da shi ba ya cin rezin, don shi narkar da roba yake yi, rezin kuwa ba ya narkewa. Sufa gulu ake sawa, wannan dai na 'yan tireda. Ba a matsa shi daga bututu kai tsaye. A ɗiga ɗigo ɗaya a kan murfin kwalba, a riƙa ɗiba da bakin allura ana sawa a gaɓa ta ciki. Laimar iska ce ke sa shi kamawa, ku kuwa kun san laimar Kwatano, kafin ka ce kwabo ya kama. Sau biyu ina manne yatsuna da jikin tarago, sai da Hajiya ta ba da ruwan goge farcenta aka raba mu. Kafin a sa gam, dole a jera gefen biyu baya da baya a tabbata tsawonsu ɗaya, in ɗaya ya ɗara ko da kaurin takarda ne a goge shi. In ba haka ba akwatin zai fito a karkace, rufi ba zai zauna ba, kuma babu gyara. Duk wanda ya taɓa ba magini aikin ɗaki ya ga an fara bulo ba igiya, ya san abin da nake nufi.

Sai aikin da ya fi ba ni wuya, wato maƙalan hannu. A jikin kowane taragon Amurka akwai 'yan ƙarafa da ma'aikaci ke kamawa ya hau, da matakala a kusurwa. A da, mai birki kan rufin jirgi yake bi yana murɗa birkin kowane tarago da hannu jirgi na gudu, mai haɗa taragai kuma tsakaninsu yake shiga ya zura ƙarfe, yatsu da rayuka sun salwanta ba adadi. A 1893 aka yi dokar da ta tilasta birkin iska, da ƙugiya mai kama kanta, da waɗannan maƙalai. To mai haɗa ƙaramin tarago ma sai ya sa su duka, kowanne a gurbinsa. Kowane maƙali guntun waya ne da aka lanƙwasa, kuma sai an huda masa rami biyu. Bakin abin hujin lamba 79 ne, kaurinsa bai kai milimita 0.4 ba, kamar silin gashi biyar a haɗe. Da yatsu ake murza shi, ba a dannawa. Guda uku tsohon ya bari a akwatinsa. Na karya biyu a dare ɗaya. Auta ya ce, "Baba, kawo in gwada." Da na ukun ya huda ramuka sama da 60, bai karye ba. Daga ranar aiki ya rabu: shi ne mai huji da hantsaki, ni ne mai riƙe tocila da miƙo kaya. Wato na koma yaron shagon ɗana.

A cikin riƙon tocilar nan ne hira ta fara zuwa da kanta. Idanunsa na kan aiki, nawa ma haka, ba wanda ke kallon wani, sai magana ta yi sauƙi. Na ba shi labarin Nguru, da yadda na fara talla a tasha, da ranar da na sauka Kwatano da jaka ɗaya. Shi ma ya gaya min abin da ban sani ba, cewa lissafi da zane ne suka fi masa daɗi a makaranta, kuma yana so ya karanci aikin injiniya, yana dai jin nauyin faɗa min don ya ga shago nake shirya masa.

A mako na biyar aka yi ɓatacciya. Akwai ɗan sitiyarin birki da ake kafawa a goshin tarago, faɗinsa bai kai ƙwayar wake ba, kuma guda ɗaya ne a ledar. Muka neme shi muka rasa. Muka share ƙasa, muka kakkaɓe tabarma, babu. Ranar na dawo da ɓacin ran kasuwa, sai na sauke a kansa. Na ce, "Kai dai ba ka da natsuwa, duk abin da aka damƙa maka sai ka salwantar." Ya ajiye hantsakin a hankali, ya ce sai da safe, ya shige ɗaki. Kwana uku teburin nan ba wanda ya taɓa shi.

A rana ta huɗu Hajiya ta kawo min shayi, ga wani ɗan abu a gefen faranti. Ta ce, "Alhaji, ga ɓarawon naka. A hannun rigarka na kama shi wajen wanki, gam ya manne shi." Ba ta ƙara ko kalma ba, ta koma kicin.

Ku iyaye maza kun san irin nauyin da ke bakinmu a irin wannan wuri. Mu ba a ba mu haƙuri ba muna yara, ba mu kuma koyi bayarwa ba. Uba in ya yi kuskure, sai dai ya sayo tsire ya ajiye, a gane. Na yi niyyar in yi hakan. Amma da dare na kira shi na ce, "Auta, an ga abin nan. A jikina yake. Ni na yi kuskure, ka yi haƙuri." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, Baba." Ya ɗauki hantsaki ya kafa sitiyarin a gurbinsa. Can, bai ɗago ba, ya ce, "Baba, kuɗin shagon nan ma da suka ɓata shekaranjiya waccan, wallahi ba ni na ɗauka ba."

Jama'a, sefa dubu 20 ne suka yi ɓatan dabo a shagona shekara biyu da suka wuce, a lokacin hutu yana taya ni zama. Na ɗora masa, na hana shi zuwa kusa da aljihun tebur. Bayan wata huɗu ina bin littafi na gano ni ne na biya wani mai kaya na manta ban rubuta ba. Na sani sarai tun lokacin. Na ce zan gaya masa idan na samu lokacin da ya dace, lokacin kuma bai taɓa zuwa ba, har na mance. Shi bai mance ba. Shekara biyu yaron nan yana kawo min abinci shago yana tsayawa daga bakin ƙofa, ni kuwa ina cewa miskilanci ne na samartaka. A daren na gaya masa gaskiya duka. Bai yi kuka ba, ni ne dai na ce hayaƙin gam ya shiga min ido.

Sauran aikin ya tafi lafiya. Ƙa'idar ƙungiyarsu ta ce taragon HO ya yi nauyin oza 1, a ƙara rabin oza a kan kowane inci na tsawonsa, don kada ya yi ta sauka daga layi. Namu ya kama giram 106 ke nan, rezin kuwa ba shi da nauyi. Muka karɓo dalmar da masu gyaran taya ke maƙalawa a ƙafar mota, muka buge ta ta yi faɗi, muka shafa mata baƙin fenti muka manne a daɓe, muka auna a sikelin wani mai sayar da zinariya a layinmu. Ƙafafun ƙarfe da ƙugiyoyi ba sa zuwa a cikin irin wannan kwali, daban ake saye, amma tsohon ya tanade su a akwatinsa. Muka yi fenti ja mai duhu, irin kalar jan ƙasa. Rubutun jikin tarago a wata takarda yake zuwa, a yanka, a tsoma a ruwa, rubutun ya saki takardar a zame shi zuwa gurbinsa da buroshi. Da gilashin ƙara girma muka karanta shi: lambar tarago, nauyinsa ba kaya, iyakar lodin da zai ɗauka, watan da aka ƙera shi. Na ce ashe su ma ba sa yarda da lodin ido. A ƙarshe Auta ya ɗan goga farin alli a katakan ƙasa, don a hotuna haka suke, saboda farar ƙasar da ake watsawa bayan an wanke kashin shanu.

Ga 'yan'uwa masu sauke kayan Amurka a Kwatano, Lome, Tema ko Duwala, in kun ci karo da irin waɗannan kwalaye kada ku zubar. Kada ku bar su a rana ko kusa da kwanon rufi. Kada ku juye kwali biyu wuri ɗaya, kuma ku adana takardun, don kwalin da ya cika da takardarsa shi ne mai daraja, musamman na kamfanin da ya rufe. Masu nemansu suna can inda suka fito, a eBay da tarukan masu wannan sha'awa, irin wanda aka daɗe ana yi duk shekara a Naperville kusa da Shikago, inda kowa ke jera aikinsa a tebur a gani a yi hira. Kuma ku nisanta su daga ƙananan yara, akwai abin haɗiyewa, ga reza, ga gam mai manne fatar ido. Ni 24 na ba wani matafiyi ya mayar wa ɗan'uwan namu ya sayar, ɗan kasuwa ai ba ya mance hanya. Biyu na ajiye.

Akwai abu ɗaya da ban faɗa muku ba tun farko. A murfin kowane kwali, tsohon nan ya rubuta wata da shekarar da ya saye shi, da fensir, da kyakkyawan rubutu. Mafi tsufa a ciki ya girmi Auta da shekaru. Kwali 27, ko ɗaya bai buɗe ledar ciki ba. Ya tanadi kayan aiki, ya tanadi ƙafafu da ƙugiyoyi, ya tanadi komai. Ban san shi ba, ban san abin da ya hana shi ba, wataƙila ya haɗa wasu ɗari 'ya'yansa sun ɗauka. Amma waɗannan dai jiran lokaci suke yi har aka zo aka sa musu kuɗi a dunƙule, yaron shagona ya kusa juye su a shara.

Na zauna na ƙirga nawa kwalayen. Filin da na saya a gida, bulo ya shekara tara a jibge ciyawa ta rufe shi. Ƙanwar mahaifina da nake ta cewa zan je in gaishe ta bayan an fitar da kaya, kaya kuwa ba sa ƙarewa. Yayyen Auta biyu, ɗaya a Kumasi ɗaya a Ikko, waɗanda suka girma suka bar gida ban taɓa zama da su awa ɗaya a kan wani abin da ba kuɗi ba. Mu 'yan kasuwar ƙetare mun iya tanadi, kowa ya shaide mu. Muna cewa don iyali muke wahala, kuma gaskiya ne. Amma na ga yadda ake sayar da tanadin mutum idan ya tafi, ni ne ma mai saye.

Taragon yana nan a saman talabijin, ba layi, ba jirgin da zai ja shi. Baƙi sukan tambaya nawa ne, in ce ba na sayarwa ba ne, su yi dariya don ba su taɓa jin wannan kalma a bakina ba. Kwalinsa kuma Auta ya hana a yar. A ƙarƙashin kwanan watan da tsohon ya rubuta, ya ɗauki fensir ya rubuta ranar da muka gama. Mun yi magana da shi a kan karatun injiniya, na ce ya kawo min takardun makarantun mu duba tare. In Allah ya kai mu hutun ƙarshen shekara, zan kai shi Nguru ya ga tashar da kakansa ya riƙa lodi, mu biya mu gaida gwaggo. Kwali na biyu kuma mun buɗe shi daren jiya, taragon hatsi ne mai rufi, an wanke fallayen suna shan iska a kan tire.